Yadda Na Bar Picard Na Koma Bayan Sisko

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran talabijin da rediyo da duk wani abu mai cin wuta, a wani ɗan shago da ke Fagge a Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba, Turancina kuma na kasuwa ne. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya zaci ɗan boko ne zai yi masa sharhin fim. Labarina da na ɗana zan bayar, sai dai labarin ba zai bayu ba in ban sako wasu mutane da ba su taɓa taka doron ƙasa ba.

A 2006, ban daɗe da samun 'yanci daga wurin maigidana ba, wani bawan Allah ya kawo na'urar DVD wai ta daina karanta faifai. Na kwance ta, na goge idon da auduga da sifirit, na mayar na jona. Ashe da faifai a ciki, irin na Sin ɗin nan da ake cusa wa shiri ashirin a guda ɗaya har hoton ya dushe. Sai ga wani dattijo mai sanƙo zaune a kujera tsakiyar wani ɗaki kamar falon otal, gabansa wani fari fat mai idanu ruwan ɗorawa, bayansa wani ƙato mai goshi kamar bayan kunkuru. Na ce to, aljanun Turawa. Na bar shi yana yi don in tabbatar na'urar ba za ta sake cijewa ba. Mai ita bai dawo ba sai bayan mako uku, kafin nan na kalli faifan sau biyu. Da na ce ya sayar mini sai ya yi dariya ya ce in riƙe, ɗansa ne ya sayo yana zaton fim ɗin harbe-harbe ne.

Haka na haɗu da Star Trek: The Next Generation, shiri mai dogon zango da aka yi a Amurka daga 1987 zuwa 1994, zango bakwai, kashi 178. Yaron nan yana da gaskiya da ya yar da shi, don harbin kaɗan ne. Yawanci zama ake yi a kewaye tebur ana shawara. Rabin abin da suke faɗa yana wuce ni, sai na riƙa tsayar da faifan ina karanta rubutun da ke gudana a ƙasan allo, da ƙamus ɗin ƙanwata a gefe. Wanda ya fara kama zuciyata shi ne Geordi, injiniyan jirgin, baƙar fata, makaho tun haihuwa, yana gani da wani ƙarfe da ya rufe idanunsa. Duk sanda jirgi ya lalace kowa shi yake kira, kuma kowa so yake a gama yanzu-yanzu. Na ce wannan ɗan'uwana ne a sana'a.

Ba ni kaɗai na daɗe ina kallo ba. Gaban shagona akwai benci biyu da mai shayi a kusa, majalisa ce da ake yi bayan la'asar, kuma ƙwallo ce hirarta. A cikin masu zama mutum uku suka faɗa tarkon tare da ni. Akwai Malam, mai koyar da kimiyya a wata sakandaren gwamnati, wanda ashe ya san shirin tun yana jami'a, yana ɓoyewa ne don kada a ce ya zautu. Akwai Mai Kemis da ke maƙwabtaka da ni. Sai Ustaz, matashi mai karatun fiƙihu a zaure, wanda ya fara zuwa don ya yi mana nasiha kan ɓata lokaci, ya ƙare yana tambaya ko an samo zango na huɗu. Sauran 'yan majalisa suka sa mana suna 'yan sama jannati. Na'urar nan da ke ɗauke mutum daga jirgi ta dire shi wata duniya cikin ƙiftawar ido kuwa, tun ranar farko Mai Kemis ya raɗa mata layar zana, kuma har yau haka muke ce mata.

Malam ne kundinmu. Shi ya gaya mana asalin abin tun 1966 ne, wani Gene Roddenberry ya ƙirƙiro shi, da Kyaftin Kirk da Spock mai dogayen kunnuwa. Ya ce a 1968 da aka yi niyyar dakatar da shirin, masoyansa suka yi wa gidan talabijin na NBC ruwan wasiƙu har aka ƙara zango ɗaya, sannan aka rufe a 1969. Su dai masoyan nan ne suka sake rubuta wa fadar shugaban Amurka wasiƙu har aka sa wa kumbon gwaji na farko na hukumar NASA suna Enterprise a 1976, sunan jirgin cikin shirin. Abin dariyar, wannan kumbo bai taɓa zuwa sararin samaniya ba, gwajin sauka kawai aka yi da shi. Labarin da ya fi so ya maimaita shi ne na Nichelle Nichols, baƙar fatar da ta fito a matsayin Uhura, sunan da aka samo daga kalmar 'yanci a Swahili. Ta so barin shirin bayan zango na farko, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna, saboda yara baƙaƙe suna ganinta a kujerar jami'a ba a matsayin 'yar aiki ba. Cikin yaran da suka gan ta akwai Mae Jemison, wadda a 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya na gaske. In Malam ya zo nan sai ya buga cinyarsa ya ce, kun gani, ba wasan yara muke kallo ba.

Musunmu na farko shi ne wanda masoyan shirin a ko'ina suke yi tun kafin mu san da shi, wato tsakanin Kirk da Picard, dattijon nan mai sanƙo da ke kyaftin a shirin da na fara kallo, wa ya fi. Mai Kemis ɗan Kirk ne, ya ce shi ne namiji, ba ya tsayawa taro, naushi yake kaiwa. Ni kuwa na riƙe Picard riƙo na tsakani da Allah. Dattako nake gani a wurinsa. Ba ya ɗaga murya sai ta kama, yana sauraron na ƙasa da shi, yana shan shayinsa, in ya yanke magana ta yanku. Akwai wani kashi a zango na biyu da aka kai Data, mutum-mutumin nan mai idanu ruwan ɗorawa, gaban alƙali. Wani masani yana so ya kwance shi ya ga yadda aka ƙera shi don a yi irinsa da yawa, Data ya ce bai yarda ba, aka ce ai kai kaya ne, kaya ba ya ƙi. Picard ya tsaya masa lauya, ya nuna cewa in aka ƙera dubbai irinsa aka ce ba su da ta cewa, to bauta aka dawo da ita da sabon suna. Ni da abincina yake cikin kwance injina, ranar na daɗe ina kallon sukuddirebar da ke hannuna.

Amma musun da ya kusa raba majalisa na Tuvix ne, a shirin Voyager, inda mace ce kyaftin, Janeway, jirginta ya ɓace can nesa da tafiyar shekara 75 kafin gida. Layar zana ta samu matsala ta narkar da mutum biyu, Tuvok mai tsaron jirgi da Neelix mai dafa abinci, ta fito da mutum ɗaya sabo, mai hankalinsa da son ransa, ya kira kansa Tuvix. Ya zauna da su makonni, ya yi abokai. Da aka gano yadda za a raba shi a dawo da biyun, sai ya ce shi ba ya son mutuwa. Ya roƙi kowa a jirgin, ba wanda ya ɗaga ido. Likitan jirgin ya ce hannunsa ba zai yi ba. Janeway ta karɓi allurar ta yi da kanta. A 1996 aka nuna wannan, kuma har gobe masoya ba su gama faɗa a kansa ba. Mu azumi guda muka yi muna yinsa bayan asham. Mai Kemis ya ce lissafi ne mai sauƙi, rai biyu sun fi ɗaya, ga Tuvok da mata da 'ya'ya suna jiransa. Malam ya ce haɗari ya riga ya ci biyun, wanda ke tsaye gabanka yana numfashi bai yi wa kowa laifi ba. Ustaz ya yi kwana biyu bai ce uffan ba, ranar na uku ya zo ya ce a ƙa'idar malamai ba a gusar da cuta da cuta irinta, don haka matar nan kisa ta yi. Mai Kemis ya ce to Allah ya sa ba kai ne Tuvok ba. Sai da mai shayi ya shiga tsakani.

Akwai shiri ɗaya da na ƙi, Deep Space Nine. Na gwada kashin farko wajen 2008 na kashe tun bai yi nisa ba. Na farko, ba jirgi ba ne, tasha ce a tsaye wuri ɗaya, na ce wa zai kalli tashar mota shekara bakwai. Na biyu, kuma shi ne ainihin dalilin, shugaban tashar, Benjamin Sisko, ya shiga wurin Picard ya yi masa magana a daƙile, yana harararsa kamar ya ci bashinsa. Na ce wannan ba shi da tarbiyya. Malam ya ce in yi haƙuri in ƙarasa, na ce ko kyauta ba na so.

Na yi aure a 2009, aka haifa mana namiji a 2010. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ɓoyo kaɗai ba, ɗan fari ne, kuma a gidanmu an riƙe alkunya da ƙarfi. Ban taɓa jin mahaifina ya kira yayanmu da sunansa ba har ya koma ga Allah. Haka na tashi, haka na ɗora. Ba na ɗaukarsa gaban mutane, ba na wasa da shi in akwai manya, in zan kira shi sai in ce kai, zo nan. Uwarsa ce komai nasa. Ita ba ta damu da kallona ba, amma takan zauna gefe tana tsince shinkafa tana jefo magana. Tambayarta kullum ɗaya ce, wai su waɗannan mutanen a ina suke sallah, kuma ina alƙiblarsu. In Worf mai goshin kunkuru ya fito sai ta ce ga mutuminka nan, yau ma bai yi dariya ba.

A 2015 ta rasu wajen haihuwa ta biyu, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Ina zaune a bencin bakin ɗakin haihuwa, ƙarfe uku da kwata na dare, wata nas ta fito tana cire safar hannu, ba ta kalle ni ba, ta tambaya ina mijin. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan sadakar arba'in surukata, Hajiya, ta ce za ta tafi da yaron Wudil. Ba wanda ya ga abin magana a ciki, ni ma ban gani ba. Namiji gwauro zai riƙe yaro ɗan shekara biyar? Na riƙa zuwa duk bayan mako biyu ko uku. In na je in durƙusa in gaida Hajiya, a kira shi, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan ya ce Abba ina wuni, in ce lafiya lau, ya karatu, ya ce alhamdu lillahi. In ba shi naira ɗari, in ajiye wa Hajiya abin da ya sawwaƙa, in kamo motar Kano. Kusan shekara biyu muna haka. A raina ina cewa na sauke nauyi.

Barci ya ƙaurace mini a lokacin. Na daina zama majalisa, na daina kallon komai. Wata rana Malam ya shigo shago ya ajiye ɗan memori a kan teburin aikina, kusa da ƙarfen soda, ya ce ba sai ka kalla ba, amma ka riƙe. Ya kwana goma a wurin. Daren da na sa shi a waya, kashin nan na farko na Deep Space Nine ne da na taɓa kashewa.

Ashe ban kalli farkonsa da idon basira ba. An buɗe ne da yaƙi a wani wuri da ake kira Wolf 359, inda wasu halittu rabi mutum rabi inji, Borg, suka kama Picard suka shafe hankalinsa, suka yi amfani da iliminsa suka tarwatsa jirage 39, rayuka kusan 11,000 suka salwanta. Sisko yana cikin ɗaya daga jiragen da iyalinsa. Ya samu ɗansa Jake da rai, matarsa Jennifer kuwa ƙarfe ya danne ta, ta riga ta cika. Yana ta ƙoƙarin ɗaga ƙarfen, sai janye shi aka yi da ƙarfi yana ihu. Wannan mutumin ne bayan shekara uku aka ce ya shiga ya gaida Picard, ya karɓi umarni daga fuskar da ya gani ranar. Ya san ba laifin dattijon ba ne. Sanin bai hana shi jin abin da yake ji ba. Ni da na ce ba shi da tarbiyya, a lokacin akwai layin asibitin da na daina bi da babur, sai in zagaya ta nesa.

Can gaba a kashin ya gamu da wasu halittu da ke zaune cikin wata kafa ta sararin samaniya, waɗanda ba su san jiya da yau da gobe ba, komai a wurinsu lokaci ɗaya ne. Yana ta fama ya koya musu cewa mu mutane abin da ya wuce ya wuce, gaba muke yi. Su kuma duk sanda ya yi bayani sai ga su tare da shi a ɗakin nan mai cin wuta, gefen gawar matarsa. Ya tambaye su don me suke ta dawo da shi nan. Suka nuna masa ba su ke kawo shi ba, shi ke kawo su, don a nan yake zaune. Na ajiye wayar a kan katifa. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, mutane har yabona suke wai na yi tawakkali. Daren nan na yi shi har aka kira assalatu.

Daga nan na bi shirin kashi-kashi, ana yinsa daga 1993 zuwa 1999, kuma ba yaƙe-yaƙen ne suka riƙe ni ba. Uba da ɗa nake kallo. Sisko bai kai Jake wurin kaka ba, alhali mahaifinsa yana nan da gidan abincinsa a New Orleans. Ya tafi da shi wannan rusasshiyar tasha. Yana dawowa daga aiki ya ɗaura ƙyalle ya dafa musu abinci da hannunsa. Yana yi masa faɗa kan abokin banza, yana tsokanarsa kan 'yan mata. Kuma yana rungume shi, yana sumbatar kansa, a gaban kowa, har bayan yaron ya fi shi tsawo. Karon farko da na ga haka sai da na kawar da kai, ni kaɗai a ɗaki, kunya ta kama ni kamar ni aka kama. Picard da nake ta yabo kuwa, tun kashin farko na shirinsa ya faɗa da bakinsa cewa ba ya sakewa da yara. Shekara goma ina ganin wannan a matsayin kamala.

Na kai wa Ustaz maganar, ina zaton zai ce al'adar Turawa ce. Sai ya ce, Yaya, ai ba sai ka je sararin samaniya ba. Ya tuna mini hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis yana zaune ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Na san hadisin nan tun ina Islamiyya, na ma taɓa haddace shi don jarrabawa. Ban ji daɗin cewa sai da wani Ba'amurke mai wasan kwaikwayo ya nuna mini sannan ya shige ni ba, amma haka abin ya faru, ba zan gyara shi don ya yi kyau ba. Ba kuma cewa nake alkunya banza ce ba. Mahaifina ya so yayanmu so mai tsanani, kowa ya sani. Amma yayanmu yana da uwa a ɗaki da take faɗa masa abin da uban ba zai faɗa ba. Nawa fa?

Ban tunkari Hajiya kai tsaye ba, kawuna na tura ya share fage. Da na je na durƙusa, ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Yanzu kai, wa zai dafa masa?"

Na ce, "Ni, Hajiya."

"Wa zai yi masa wanki, wa zai tashe shi makaranta?"

"Ni, Hajiya, in Allah ya yarda."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Ka yi aure tukuna, sai a yi maganar." Na ce ina neman alfarma kada a haɗa biyun, kada ya zo gidan ubansa a matsayin baƙon wata. Ta share ido da gefen mayafi ta ce shi kaɗai take gani ta tuna 'yarta. Wannan ba ni da amsarsa, na yi shiru kaina a ƙasa. A ƙarshe aka tsaya kan in ya gama zangon karatu zai dawo, duk hutu kuma nata ne. Har ta rasu ba mu saɓa wannan ba.

Ya dawo a 2017. Tuwon farko da na tuƙa gudaji ne zalla, ƙasan tukunya ya kama, muka ci da haƙuri yana satar kallona. Muka koma dafa-duka da taliya wata uku kafin maƙwabciyarmu ta ji tausayi ta koya mini talge ta kan katanga. Unguwa ta yi magana, har da masu cewa na zama ɗan daudu. Ranar da na fara dafa kansa a bakin makaranta sai ya noƙe kamar zan mare shi. Na sake aure a 2019, Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu, amma har yau girkin daren Juma'a nawa ne, amarya ta gaji da hana ni.

Da na koma majalisa na sanar cewa na bar Picard, sai aka yi mini ca kamar wanda ya sauya jam'iyya ana gobe zaɓe. Malam, wanda shi ya ba ni memorin, shi ya fi kowa tsananta wa Sisko. Ya ce mutumin da ya haɗa baki da maƙaryacin tela Garak aka ƙirƙiri shaidar bogi don a jawo wata al'umma mai ƙarfi, Romulawa, cikin yaƙi a ɓangarensu, aka kashe ɗan majalisarsu a hanya, ya kuma zauna ya ce zai iya rayuwa da hakan. Mutumin da ya sa guba a iskar wata duniya sukutum, mazaunanta suka tsere, don kawai ya kama jami'i ɗaya da ya ci amanarsa. Picard zai yi haka? Ba zai yi ba, na yarda. Ba ni da kariyar da zan ba Sisko a kan gubar nan, zalunci ne, kuma an bar shi ya tafi ba hukunci. Abin da na ce kawai, Picard yana zuwa wuri ya yi hukunci mai kyau ya ja jirginsa ya wuce, ba ya kwana da abin da ya yanke. Sisko in ya yi ɓarna gobe da safe zai haɗu da ita a bakin ofis. Ustaz nasa ƙorafin daban ne, bai ji daɗin yadda mutanen Bajor, duniyar da ke kusa da tashar, suke kiran halittun kafar nan annabawa ba, kuma ni ma kalmar tana yi mini nauyi. Sai dai ya yarda cewa a duk shirye-shiryen nan, nan ne kaɗai aka nuna mai ibada kamar Kira, mataimakiyar Sisko 'yar Bajor, ba a mayar da ita wawuya ba. Da marigayiya tana nan da na nuna mata, ga dai wasu suna da wurin ibada. Mai Kemis kuwa abin da ya burge shi likitan tashar ne, Bashir, tun da ya ji cewa ɗan wasan, Siddig El Fadil, a Sudan aka haife shi, kuma Sadiƙul Mahdi da ya yi firaminista baffansa ne. Daga ranar ya koma kiransa ɗan gida.

Ɗana ya fara kallo tare da ni yana da shekara goma sha biyu, Turancinsa ya fi nawa nesa, shi yake fassara mini wuraren da na daɗe ina fahimta a karkace. Akwai kashi ɗaya a zango na huɗu da na yi ta tsallakewa, sai da ya matsa. Haɗari ya ɗauke Sisko a gaban idon Jake, ba mutuwa ba, ɓacewa, yana bayyana na 'yan mintuna bayan shekaru. Jake ya bar rubutun da yake so, aurensa ya mutu, ya tsufa yana neman hanyar dawo da ubansa, uban kuma duk zuwan da zai yi roƙonsa yake ya ƙyale shi ya yi rayuwarsa. A ƙarshe tsohon Jake ya kashe kansa don uban ya koma daidai lokacin haɗarin ya kauce. Na tsayar da shi na ce wannan haramun ne, kuma ba uban da zai so haka. Ya ce ya sani, Abba. Muka ƙarasa ba mai kallon wani.

Rigimar ta zo ne a kashin ƙarshe. Sisko ya tafi wurin halittun nan, ya bar sabuwar matarsa Kasidy da ciki. Ya bayyana gare ta ya yi mata alkawarin dawowa, kuma an ce Avery Brooks da ya fito a matsayinsa ne ya nemi a sa alkawarin, don bai so a nuna baƙar fata ya gudu ya bar iyali ba. To amma Jake fa? Ba a nuna ya yi masa sallama ba. An rufe shirin da yaron tsaye a taga yana kallon inda uban ya shiga. Duk sanda na kalli wurin nan raina ɓaci yake, ranar ma na fara faɗa, na ce marubutan sun ci amanar shekara bakwai, mutumin da na sani ba zai tafi bai ce wa ɗansa komai ba.

Yana naɗe wayar caja a hannunsa ya ce, "Abba, ai kai ma ranar da Hajiya ta tafi da ni ba ka fito ba."

Na ce ina shago.

Ya ce, "A'a, kana ɗaki. Na ga takalminka a bakin ƙofa."

Shekararsa biyar a lokacin. Ina ɗakin kuwa, a bayan ƙyaure, ina jin ƙarar a-daidaita-sahu har ta ɓace. Na buɗe baki in ce alkunya ce, na ji ba za ta fito ba, don ba ita ba ce. Na ce masa ban iya ba ne. Ya gyaɗa kai ya ce to wataƙila shi ma Sisko haka ne. Na jawo shi na sumbaci tsakiyar kansa, ya ce Abba zafi ake yi, amma bai janye ba.

Yanzu yana zama a ƙarshen benci in ya taso daga Islamiyya, kuma don a ƙure ni, ɗan Picard ne. Shi da Malam suke haɗa kai su taso ni gaba da maganar guba. Har yau bakina bai saba da sunansa ba, babban mutum nake ce masa. Mun fara Voyager a watan jiya, na kuma gargaɗi Mai Kemis da Ustaz kada wanda ya kuskura ya ba shi labarin Tuvix. Kashi uku ya rage mu kai wurin.